Darasi: Hargitsin Bugun Zuciya da Zumuncin Masu Fama da Shi



Tun shekarar 1993 Ikilisiya take kiyaye ranar 11 ga Fabrairu a matsayin Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, bisa ga umarnin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu. Idan aka ambaci marasa lafiya, hankalinmu yakan tafi ga waɗanda suke kwance. Amma akwai waɗanda suke zaune tare da mu a benci kowace Lahadi, suna rera waƙa, alhali kuwa zuciyarsu tana fiffika a ƙirji kamar tsuntsun da aka kama. Game da su ne darasinmu.

Allah ya yi zuciyar ɗan Adam da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A cikin lafiya, zuciyar babban mutum da yake hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, bugu bayan bugu, a kan tsari. A cikin ciwon da likitoci suke kira atiriyal fibirileshan, mu kuma muke kira hargitsin bugun zuciya, ɗakunan sama sukan daina matsewa yadda ya kamata, sai makyarkyata kawai. Bugun ya rikice, sau da yawa kuma ya yi sauri. Mutum ya ji faɗuwar gaba, ko jiri, ko gajiya, ko haki daga ɗan hawan tudu. Waɗansu ba su jin kome. Babban haɗarin shi ne, jinin da ba ya gudana sosai a cikin ɗakin yakan daskare ya zama gudaji. Idan gudajin ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Wannan ciwo yana ninka haɗarin shanyewa kamar sau biyar. Gwajin E.C.G. a asibiti ne yake tabbatar da shi.

Tushensa yakan kasance hawan jini, ko tsufa, ko ciwon sukari, ko ƙiba, ko yawan aikin ƙwayar wuya mai suna tayirod. A ƙasashenmu akwai kuma lalacewar ƙofofin zuciya, wadda takan biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Shi ya sa akan ga ciwon har ga matasa.

To, mene ne yake tayar da shi? A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Abin da bincike ya fi kamawa da laifi shi ne giya. Tun 1978 likitoci a Amurka suka lura da masu zuwa asibiti da rikicewar bugun zuciya bayan shaye-shayen ranakun hutu, har suka laƙaba wa abin sunan ciwon zuciyar biki. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostareliya a kan masu wannan ciwo 140 waɗanda suke shan giya: cikin wata shida, ciwon ya dawo wa kashi 73 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da sha, da kashi 53 na waɗanda aka sa su daina. Mu da muka san yadda tukunyar burukutu take zagayawa a Kirsimeti, da bikin aure, da zaman makoki, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Wanda ya matsa wa ɗan'uwansa da ƙwarya bayan ya ce likita ya hana shi, ba karamci ya yi masa ba.

Sauran abubuwan sun bambanta daga mutum zuwa mutum: rashin barci, munshari mai ɗauke numfashi, zazzaɓi, ƙishirwa lokacin bazara, cika ciki da dare, ɓacin rai, da waɗansu magungunan mura masu buɗe hanci. Kofi da shayi kuwa an daɗe ana zarginsu, amma bincike bai nuna cewa shansu daidai wa daida yana tayar da ciwon ga yawancin mutane ba. Goro yana da sinadarin da yake cikin kofi. Wanda ya lura yana damunsa, ya rage. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka muna ba da shawara kowa ya ajiye ƙaramin littafi, ya rubuta ranar da abin ya taso, da abin da ya ci ko ya sha, da yadda ya kwana, ya kai wa likita.

Bisharar Markus sura 2 ta ba mu labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki don su kai shi gaban Yesu. Da ƙafarsa ba zai iya zuwa ba. Mai hargitsin zuciya yana tafiya da ƙafarsa, amma tsoro yakan kwana da shi, kuma ba mai fahimtar wannan tsoro kamar wanda ya taɓa farkawa da tsakar dare yana ƙirga bugun zuciyarsa. Zai yi kyau masu ciwon su riƙa zama tare bayan Misa, ko sau ɗaya a wata, da taimakon Katakis ko Zumuntar Mata, da ma'aikacin jinya idan akwai shi a cikinmu. Su koya wa juna taɓa jijiyar wuyan hannu, su tuna wa juna ranar asibiti, su haɗa kuɗin mota ga wanda ya rasa. Iyalai su koyi alamun shanyewa: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe. Idan an ga ɗaya, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Zumunci yana da iyakarsa. Kada wani ya ba wani maganinsa. Magungunan hana jini daskarewa, irin su warfarin da apixaban, likita ne yake zaɓa wa kowa nasa. Mai ƙuntatacciyar ƙofar zuciya, alal misali, warfarin ne nasa, da gwajin jini a kai a kai. Haɗa su da diclofenac, ko ibuprofen, ko jiƙon gargajiya ba da sanin likita ba yana iya jawo zubar jini. Kada kuma kowa ya ce wa ɗan'uwa ya zubar da magani don ya nuna bangaskiya. Ba koyarwar Ikilisiya ba ce.

Da yawa suna tambaya game da azumi. Dokar Ikilisiya ta 1983, lamba 919, ta ce a kame baki awa ɗaya kafin karɓar Jikin Almasihu, amma ta keɓe ruwa da magani. Tsofaffi da marasa lafiya ma ta ɗauke musu wannan awa. Azumin Larabar Toka da na Jumma'a Mai Kyau shi ma ba ya kan wanda zai cutu da shi. Ku sha maganinku a kan lokacinsa kafin ku fito Misar safe, wanda kuma yake da shakka ya ga Fada bayan sujada.