Sojan Roba da Dokin Yumɓu: Shawarwari ga Gidajen da Ake Haɗa Ƙananan Kayan Yaƙi

Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san motar kara da motar gwangwani. Yaro zai samu gwangwanin madara da waya da tsohon silifa, kafin la'asar ya fito da tirelar auduga mai taya goma yana ja a lungu. A Turai da Japan wannan aikin hannu ya zama masana'anta. Kamfanin Airfix a Ingila, da Heller a Faransa, da Tamiya a Japan suna sayar da jirgin yaƙi ko tankar soja gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da kansa ya yi fenti, kuma dattawa masu furfura ne suka fi cika ƙungiyoyin masu yin haka. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan roba mai gaɓoɓi da ake kira G.I. Joe, daga nan tara irinsu ya bazu. Yanzu waɗannan kaya suna iso mu ta dilar gwanjo da tsarabar matafiya. Ina ganin gidan da ya bar yaro da wannan sha'awa, ya kuma sa masa ido, ya yi riba, domin lissafi da tarihi da haƙuri duk suna ciki. Ga abin da ya kamata a kula da shi.

1. A fara da abin da ke tsakar gida. Kada a ɗora wa mai gida sayen kwalin waje tun ba a ga kamun ludayin yaro ba, domin kuɗin aikowa da na kwastan kan zarce kuɗin kayan. Karan dawa, kwali, wayar da aka yar, gwangwani, murfin kwalba, yumɓu daga wurin masu tukwane, ƙyallayen da ke zube a shagon tela, sun isa wata shida ana aiki. Kayan aiki kuwa filaya ƙarama, matsefata, almakashi, samfefa mai laushi, rula, da burushi biyu ko uku. Wanda ya iya fitar da mota madaidaiciya daga kwali, ranar da kwalin Tamiya ya shigo hannunsa ba zai ɓata shi ba.

2. A tsayar da ma'auni ɗaya. Nan ne abin wasa yake rabuwa da aikin gwani. Idan aka ga 1:35 a jikin kwali, ana nufin an raba tsawon abin gaske gida 35 an ɗauki ɗaya. Sojan da tsayinsa ya kai santimita 175 zai dawo santimita 5. A ma'aunin 1:72, wanda aka fi yin jirage da shi, bai cika santimita biyu da rabi ba. A 1:6, irin na G.I. Joe na farko, ya kusa santimita 30. Motar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ta kai mita 5 za ta zama wajen santimita 14 a 1:35. A bar yaro ya yi wannan rabawa da kansa a takarda kafin ya yanka komai. Idan aka gauraya ma'auni, sai a ga soja ya fi tankarsa tsayi, duk kyan fentin ya tashi a banza. Ga mai farawa 1:35 ya fi, domin ido yana gani, yatsa yana kamawa.

3. A gina tarihin ƙasar nan. Wannan ita ce shawarar da na fi riƙe wa. Kwalayen waje cike suke da yaƙin Nomandi da na Rasha, ba laifi, amma ƙasar da muke takawa ta ga yaƙi iri-iri, kuma ba kamfanin da zai zuba mana shi a roba. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kusiri, a karon da kwamandan Faransa Lamy ma ya rasa ransa. A Janairun 1902 rundunar Jamus ƙarƙashin Hans Dominik ta gwabza da mahayan Lamiɗo Zubairu na Adamawa kusa da Marwa, doki da mashi suka fuskanci bindiga mai aman wuta. A Agustan 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka afka wa ganuwar Jamusawa a Garwa, aka kora su da asara mai yawa. Sai a ranar 10 ga Yunin 1915, bayan Ingila da Faransa sun haɗa ƙarfi sun kewaye garin, Jamusawa suka miƙa wuya. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben ya toge da mutanensa har Fabrairun 1916. Kuma mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga a ɓangarorin biyu baƙaƙen fata ne, cikin na Ingila akwai Hausawa da dama.

Ɗan lifidi guda ɗaya ya isa aikin wata. A gina doki da yumɓu a kan ƙashin waya, a bar shi ya bushe a inuwa, domin rana tana tsaga shi. Lifidi a yi shi da ƙyalle mai ƙananan zane, a shimfiɗa auduga siririya a ciki a ɗinke layi-layi da ƙaramar allura, kuma auduga ba abin nema ba ce a Garwa, garin da kamfanin auduga na Sodecoton yake da hedikwata. Sulke yana fita da kyau daga ragar tsohon gidan sauro idan an shafa mata fenti ruwan toka. Kwalkwali daga murfin man goge baki, likkafa daga gwangwani, linzami da sirdi daga ragowar fatar dukawa, wadda Marwa ta yi suna a kanta. Ba sai an nemi littafi ba don a san yadda ake ɗaura waɗannan. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo a je da yaro ya tsaya ya duba da kyau inda majayi ya bi, da yadda jalala take sauka, da inda ake rataye takobi. In akwai dattijon da ya yi barantaka a fada, a kai masa goro a tambaye shi. Sarrafa ƙaramin mahayi ba baƙon abu ba ne a arewacin Kamaru: maƙeran Kotoko na bakin Logon sun daɗe suna zuba 'yan mahaya dawaki na tagulla da ba su wuce tsawon yatsa ba, kafin su kuma mutanen Sao sun bar siffofin yumɓu a yankin tafkin Cadi.

4. A daidaita maganar mutum-mutumi tun da wuri. A gidaje da yawa wannan ce tambayar farko, kuma tambaya ce mai nauyi. Malamai sun yi sassauci a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, waɗanda aka ruwaito har da doki mai fukafukai a cikinsu. Babba ya sassaƙa siffar mai rai ya kafa a falo kuwa wani hukunci ne daban, kuma an tsananta a kansa. Mai gida ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya bi abin da aka ce masa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, filin yana da faɗi: jirgi, mota, igwa, ganuwa, kwalekwalen Binuwai, garkuwa da kwari da baka, ba mai rai ko ɗaya a ciki.

5. Sojan gwanjo a wanke shi kafin komai. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori, a shanya a inuwa. Maiƙon da ke jikin roba shi ne yake hana fenti kamawa. In ana son sauya masa tsayuwa, a tsoma hannu ko ƙafar a ruwan zafi na ɗan lokaci, robar za ta yi laushi, a lanƙwasa, a tsunduma a ruwan sanyi ta tsaya a haka. Da wannan dabara ake cire kai a sauya wani. Babba ne zai riƙe ruwan zafin. Kada a kusantar da roba ga wuta ko kyandir, hayaƙinta guba ne. Da ƙyallen kaki da ɗan jan yadi na dara, sojan Amurka yakan koma sojan mulkin mallaka na faretin da.

6. Fenti yana da lokacinsa a garin nan. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, fentin da ake sirkawa da ruwa yana bushewa a bakin burushi kafin ya taɓa aikin. Saboda haka a yi fenti bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. A jiƙa soso a faranti, a ɗora takarda a kai, a ɗiga fentin bisa takardar, zai daɗe bai ƙafe ba. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake cike maɓalli da idanu ya mayar da fuska dunƙule. A fara da shafin ƙasa ruwan toka. Bayan launi ya zauna, a tsinka baƙi-baƙi da ruwa sosai a bi lunguna da shi don inuwa ta fito, sannan a goge burushi har ya kusa bushewa a shafa launi mai haske a kan gefuna. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: da an gama shafi a kife roba ko kwano a kai. Abin daɗi shi ne ƙurar da take ɓata sabon fenti ita ce take ƙawata tsohuwar mota. Jar ƙasa da aka tankaɗe, a shafa da busasshen burushi a taya da ƙasan ƙofa, ta fi duk wani garin kanti kama da hanyar Garwa zuwa Rai Buba.

7. Dalma ba ta shiga gidan yara. A nan babu sassauci. Tsofaffin sojojin ƙarfe na Turai da dalma ake zuba su, kamfanin Britains na Ingila ya fara irin nasa a 1893, bai daina ba sai a 1966. In wani ya gaji irinsu, a kulle a gilashi, kada yaro ya taɓa balle ya kai baki. Mafi haɗari shi ne matashin da zai fasa tsohon batirin mota ya narka dalmar ciki a murhun gida don ya zuba taya ko igwa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wanda ya tsira ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Haka kuma ƙananan gutsattsari da batirin agogo mai kamar maɓalli a ɗauke su daga inda mai rarrafe yake, haɗiye batirin nan sai asibiti nan take. Gam mai kamawa nan da nan, in ya manne yatsu, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu a murza a hankali, kada a fizge. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi wurin likita. Fentin mai da fentin feshi a yi su a fili, ba a ɗakin kwana ba, kuma nesa da madafa. Reza ba ta ƙaramin yaro ba ce.

8. A san inda sha'awa take tsayawa. Filin jirgin Garwa yana haɗe da sansanin sojan sama, gidan jiragen Alpha Jet, kuma a 2015 Amurka ta girke sojoji da jirage marasa matuƙa a garin saboda yaƙi da Boko Haram. Matashi mai son ya kwaikwayi jirgi daidai-wa-daida zai iya ɗaga waya ya ɗauki hoto ta bayan shinge, ya kwana a hannun jandarma. A ja masa kunne: ba hoton bariki, ba hoton shingen bincike, ba hoton ayarin soja. Hotunan da ake buƙata suna cikin littattafai da intanet, motoci kuma ana ganinsu a faretin ranar ƙasa na 20 ga Mayu. Kada a yi bindiga mai girman ta gaske, kada yaro ya fita da kakin soja. Sannan a tuna akwai maƙwabta da suka baro Kolofata ko Amchide da abin da ke jikinsu kawai. Yaron da ya ga an ƙone garinsu ba lallai ya ga tankar roba a matsayin wasa ba. In ya kawar da kai, a ba shi motar auduga ko kwalekwale ya haɗa.

9. Ajiya. Rana tana kodar da fenti, zafin rufin kwano da na cikin mota a rufe yana karkatar da fukafukin roba. Gara tana cin kara da kwali, ɓera yana cin auduga. Kabad mai gilashi a bangon da rana ba ta duka ya fi, in babu, robar abinci mai murfi. Da damina a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A ƙarƙashin kowane aiki a rubuta sunan mai shi da shekara da ma'auni.

10. A kafa ƙungiya, ko da ta mutum biyar ce. Zauren gida ɗaya, yammacin Asabar ko Lahadi, babba ɗaya mai sa ido. A yi adashi a sayi fenti da filaya na kowa da kowa, a buɗe littafin da ake rubuta wanda ya ari kaya. A gayyato tela da baduku da maƙeri su nuna hannu, domin abin da suka sani ya fi abin da ke cikin takardar kwali. 'Yan mata su shigo, ɗinkin lifidi da fentin fuska sukan fi fita a hannunsu. Dokar ƙungiya ta zama cewa duk wanda ya kawo aiki sai ya faɗi tarihinsa, wace shekara, wane wuri, su wa suka mutu a can, don kada yara su ɗauka yaƙi ado ne. Karatu da salla suna gaba, wanda ya bar aikin makaranta ba ya zama a tabarmar ranar.

Iyaye, in hutun makaranta ya zo, ku ware wa yaran kusurwa ɗaya da tabarma da kwalin ajiya, ku zauna tare da su ko da sa'a ɗaya ce a mako, reza da gam kuma su kwana a hannunku.