Mileji Ba Rantsuwa Ba Ne: Darasi Ga Mai Shirin Sayen Tokunbo

'Yan uwa ɗalibai, da zarar an ji kana poli, a gida ka zama injiniya. Ran da kawu zai sayi mota, kai za a ce ka raka shi ka duba. Wani kuma da kansa zai saya bayan bautar ƙasa, ya sa ta haya. To, abu na farko da dillali zai nuna muku shi ne lambar da ke agogon gaban direba: “Alhaji duba, mil dubu hamsin da takwas kacal, wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita.” Wannan lamba da'awa ce kawai, kuma da'awa sai da shaidu.

Yadda ake juya ta

A motocin da, lambobin a kan ƙananan tayoyi suke, sai a kwance agogon a murza su baya da hannu. Da aka koma agogon lantarki mutane suka ɗauka an huta. Ina! Lambar tana ajiye ne a wani ɗan guntun ma'ajiya a bayan agogon. Mai na'ura zai jona ta a soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, ko ya ciro agogon ya sake rubuta lambar. Wani ma agogon gaba ɗaya yake canzawa da na wata mota. Ko a Amurka, inda doka ta haramta haka tun 1972, hukumar NHTSA ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci fiye da 450,000 duk shekara da milejin ƙarya. Balle motar da ta ratsa gwanjo, jirgin ruwa, tashar Legas ko Kwatano, da hannun dillalai uku.

Me ya sa za ka damu?

Asara biyu ce. Ta farko, ka biya kuɗin yarinya an ba ka tsohuwa. Ta biyu ta fi ciwo: da mileji ake tsara gyara. A motocin da ke da bel na tayimin, yawanci ana canza shi tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000. Idan agogo ya ce da saura alhali lokaci ya wuce, bel ɗin zai iya tsinkewa kana tsakiyar hanya, kuma a wasu injuna fistin ya daki bawul, sai sauke inji. Haka man giya da kayan ƙafa.

Shaida ta farko: lissafi

Motar gida a Amurka takan ci kusan mil 12,000 a shekara. Ƙirar 2010 da ta iso a 2024 ta yi shekara 14, ka ga ana sa ran wajen mil 168,000. In ta nuna 58,000, ba lallai ƙarya ba ce, amma sai an kawo hujja. Ka kuma lura ko mil ne ko kilomita: mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 100,000 ya kai kilomita 160,000. Motocin Kanada da yawancin na Turai da kilomita suke ƙirga.

Shaida ta biyu: takarda

Kowace mota tana da lambar VIN, haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofarsa. Ka tabbatar duka biyun sun yi daidai da ta takardar kwastam. In motar Amurka ce ko Kanada, sayi rahoton Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi wanda dillali ya buga maka. Rahoton yana jera milejin da aka rubuta a lokuta daban-daban. In a 2019 tana 140,000, yau kuma tana 70,000, magana ta ƙare. Sannan ka zuba VIN ɗin a Google: motocin gwanjon Copart da IAAI sau da yawa hotunansu na nan, har da na agogon. Beljiyam kuwa tana da takardar Car-Pass tun 2006, wadda ke nuna tarihin kilomita. In an ce maka 'yar Beljiyam ce, tambayi wannan takarda.

Shaida ta uku: jikin motar

Ana gyara lamba, amma tsufa ba ya ɓuya. Dubi robar abin taka birki, fatar sitiyari, kan giya da gefen kujerar direba. Sun sule a motar da aka ce ba ta yi nisa ba? Ko kuwa sababbi ne fil a tsohuwar mota? Duka biyun abin tambaya ne. Leƙa jikin ƙofa, kusurwar gilashi da ƙarƙashin bonet, sau da yawa akwai sitikar juyen baƙin mai da aka manta ba a ɓare ba, da mileji a rubuce. Dubi sukurorin agogon ko an taɓa kwance su. Daga nan ka kai ta wurin makaniken da kai ka zaɓa, ya jona kwamfuta: a wasu motoci ƙwaƙwalwar inji ko ta giya tana riƙe nata lissafin, kuma mai gaggawa yakan manta da ita.

A ƙarshe

Mileji mai yawa ba aibi ba ne. Motar da ta yi mil 180,000 a babbar hanya, ana juye mata mai a kan kari, ta fi wadda ke nuna 60,000 ba a san tarihinta ba. Ta farkon ka san me ka saya, ka san me za ka gyara. In dillali ya hana ka ɗaukar VIN, ko ya ce kwamfuta tana lalata mota, ku yi sallama cikin mutunci. Ba a cinikin biri a sama. Kawu zai iya yin fushi ranar, amma gara wannan da ya kira ka daga bakin titi yana cewa, “Injiniya, motar da ka zaɓa ta tsaya.”