Asirin Gishiri

Yara, in kun je kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, za ku ga gishiri iri iri. Akwai na buhu, akwai kuma kantu, wanda Buzaye ke ɗaukowa a kan raƙuma tun daga Bilma. Ko kun san abin da ke cikinsa?

Kowane abu na duniya an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya iya gani. Sunansu ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwaya tana da cibiya, waɗansu 'yan ƙanana kuma suna kewaya ta. Su ne ilektaron. Wani Bature na Ingila, J. J. Thomson, ya gano su a shekarar 1897.

Ilektaron hawa-hawa suke zaune, kamar ɓawon albasa. Hawan farko ba ya ɗaukar fiye da 2, na biyu kuwa 8. Waɗanda ke hawan waje su ne masu hulɗa da maƙwabta. In hawan waje ya cika, ƙwaya ta natsu. In bai cika ba, sai ta nemi abokiyar ciniki.

To, gishiri abu biyu ne suka haɗu. Na farko sodiyam, wani ƙarfe mai taushi, wanda kan yi tartsatsi in ya taɓa ruwa. Yana da ilektaron 11, watau 2, da 8, da 1 tilo a waje. Ta biyu kilorin, wata iska mai dafi. Tana da 17, watau 2, da 8, da 7. Saura ɗaya ta cika.

Da suka gamu, sai sodiyam ya ba da tilon nan nasa, kilorin ta karɓa. Kowa ya sami 8 a waje, ƙarfin lantarki kuma ya manne su da juna. Kun ga mugaye biyu sun zama abin miya.

Ga wani abin mamaki kuma. In gishiri ya zuba a wutar murhu, harshenta kan yi ruwan ɗorawa. Dalili kuwa, zafi ne ke cilla ilektaron na sodiyam zuwa hawa na sama. Ba ya daɗewa can, sai ya faɗo, ya saki ƙarfin da ya ɗauka, ya zama haske. Kamar mai hawa tsani yake, ba ya tsayawa tsakanin mataki da mataki. Niels Bohr, mutumin Danmak, ya bayyana wannan a 1913.

Kada ku gwada shi ku kaɗai. Ku roƙi inna ta barbaɗa kaɗan ku gani.

Tambayoyi
1. Ilektaron nawa ke hawan waje na kilorin?
2. Me sodiyam ya bayar?
3. Don me harshen wuta ke sāke launi?