Ƙaurar da Fayil Daga Folda Zuwa Folda Ba Tare da Asara Ba

Daga cikin koke-koken da magatakardan ofisoshi da ɗalibai suke kawowa game da kwamfutar tebur, kaɗan ne suka kai yawan kukan mutumin da ya ja fayil da linzami domin ya kai shi wata folda da ke can cikin folda ta uku ko ta huɗu, yatsansa ya saki tun bai isa ba, fayil ya faɗa inda bai sani ba, har ya sakankance cewa ya salwanta. Alhali kuwa yana nan daram, kuma da mai shi zai danna Ctrl tare da Z nan take, kafin ya taɓa wani abu, da Windows ta mayar masa da shi mazauninsa na farko. In lokaci ya riga ya ƙure, sai ya rubuta sunansa a gurbin bincike na babbar foldar da ta ƙunshi sauran.

Asalin mas'alar, ya kai mai karatu, wata ƙa'ida ce wadda galibin mutane ke aiki da ita ba tare da sun san hukuncinta ba. Idan ka ja fayil tsakanin folda biyu da ke kan faifai guda, a ce dukkansu a C suke, to ƙaura ce, ya tashi daga nan ya koma can; idan kuwa ka ja shi zuwa wani faifai dabam, kamar D ko filashi, to kwafi ne, asalin yana zaune inda yake. Hikmar da ke ciki ita ce, folda tamkar littafin rajista take, wanda ke nuna inda kowane fayil yake a kan faifai, saboda haka ƙaura cikin faifai guda gyaran rajista ne kawai, shi ya sa fim mai gigabait 10 yake komawa cikin ƙiftawar ido, amma tsakanin faifai biyu wajibi ne a kwashe bayanan dukkansu. Riƙe Shift yayin ja yana tilasta ƙaura, riƙe Ctrl yana tilasta kwafi, ja da maɓallin dama na linzami kuwa yana sa a tambaye ka wanne kake nufi.

Duk da haka, abin da na fi zaɓa maka shi ne ka bar ja gaba ɗaya duk lokacin da tafiyar ke da nisa. Zaɓi fayil, danna Ctrl da X, za ka ga alamarsa ta dusashe, amma ba a goge kome ba tukuna. Ka shiga folda bayan folda cikin natsuwa har ka isa maƙasudinka, sa'an nan ka danna Ctrl da V. In fayilolin suna da yawa, buɗe taga ta biyu da maɓallin Windows da E, ka jera su biyu gefe da gefe da maɓallin Windows da kibiyar hagu ko ta dama. Masu kwamfutar Mac kuwa, domin ƙaurar da fayil, su danna Command da C, sa'an nan in sun isa maƙasudi su danna Option da Command da V.

Akwai wurare biyu da suka wajabta taka-tsantsan. Na farko, in za ka kai muhimman takardu wani faifai, musamman a garuruwanmu da ake ɗauke wuta ba sallama, ka yi kwafi tukuna, ka buɗe ka tabbatar sun isa lafiya, kana ka goge na asali. Na biyu, in kwamfuta ta sanar da kai cewa akwai fayil mai wannan suna a can, kada ka yi gaggawar yarda a maye gurbinsa, domin wanda aka maye ba ya zuwa kwandon shara balle ka ɗauko shi. Ka duba ranakunsu da girmansu, ko ka canja sunan ɗaya.

Sauran abu guda: bisa al'ada Windows tana da iyakar haruffa 260 ga cikakken adireshin fayil, wato sunayen foldoji duka haɗe da nasa, kuma wanda ya zurfafa folda cikin folda da dogayen sunaye zai wayi gari fayil ya ƙi ƙaura. Ka taƙaita sunaye, kada kuma zurfin foldojinka ya wuce hawa uku ko huɗu.