Darasin Kasuwanci: Sake Koyon Sana'a da Tallafin Gwamnati, Abin Koyi Daga Oshodi

A ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2022, gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa dokar hana acaɓa zuwa ƙananan hukumomin Oshodi-Isolo da Mushin da Shomolu da Kosofe, bayan da ta fara aiwatar da ita a waɗansu ƙananan hukumomi shida a watan Yuni. Da yawa daga cikin waɗanda dokar ta shafa 'yan Arewa ne, mazauna unguwanni irin su Agege da Idi-Araba. Idan za a iya tunawa, a watan Janairun 2009 an tashi masu kasa kaya daga bakin titi da gefen hanyar jirgin ƙasa a Oshodi, a Janairun 2016 kuma aka rushe kasuwar Owonifari.

Waɗannan al'amura sun nuna cewa hanyar abincin mutum tana iya toshewa cikin dare ɗaya. Gwamnati tana da hukumomin da aka kafa domin sake horar da ma'aikata da masu sana'ar kansu, biyu daga cikinsu ma a Oshodi suke, amma galibi sai bayan ɓarna ta auku ake neman ƙofarsu. Manufar wannan darasi ita ce bayyana aikin kowacce, da yadda ɗan kasuwa zai ci moriyarta tun da sauran lokaci.

Tsarin da sojoji suke bi

A Oshodi akwai Cibiyar Sake Tsugunar da Sojojin Nijeriya, wadda ta samo asali daga aikin kula da sojojin da suka sami raunuka a fagen yaƙi. Ana tura mata sojojin ƙasa da na ruwa da na sama waɗanda suka kusa yin ritaya, su yi kwas na wata shida a kan sana'o'i kamar ɗinki da kafinta da gashin burodi da kiwon kaji da kifi, tare da darussan tafiyar da harkar kasuwanci.

Farar hula ba shi da gurbin soja a wannan kwas, amma yana da abin koyi. Sojan yana koyon sabuwar sana'a ne alhali albashinsa yana shigowa, saboda haka hankalinsa a kwance yake. Wanda ya bari sai da aka sallame shi, ko aka ƙwace babur ɗinsa, zai shiga aji ne da tunanin kuɗin haya da na cefane. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aikatan kamfanoni

Hukumar da ke da alhakin horar da ma'aikatan kamfanoni ita ce Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa bisa dokar soja mai lamba 47 ta shekarar 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos. Doka ta wajabta wa mai kamfani ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a shekara. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya ɗora wajibcin a kan mai ma'aikata 5 zuwa sama, sa'an nan dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta mayar da adadin zuwa 25.

Abin da masu kamfanoni da dama ba su kula da shi ba shi ne, wannan kuɗi ba haraji ne da ya tafi ke nan ba. Wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idar asusun yana iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin kuɗin da ya zuba. Alal misali, kamfani mai ma'aikata 30 da ke biyan albashin Naira miliyan 36 a shekara zai zuba Naira 360,000, kuma yana iya karɓo har Naira 180,000. Sharaɗin shi ne a nemi amincewar asusun kafin a fara horon, a kuma adana rasit da sunayen mahalarta da takardun shaidarsu. Har ila yau, takardar shaidar biyan wannan kuɗi tana cikin abubuwan da ake nema ga mai son kwangilar gwamnatin tarayya.

Asusun yana da cibiyoyin koyar da sana'o'in masana'antu a Ikeja da Kano, inda ake koyar da ayyuka irin su walda da haɗa wutar lantarki. A shekarar 2024 kuma ya ƙaddamar da shirin SUPA domin ƙara wa masu sana'ar hannu ƙwarewa da ba su takardar shaida.

Masu sana'ar kansu

Ga wanda ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, ƙofa ta farko ita ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta kafa ta a ƙarshen 1986, shekarar da aka shigo da shirin tayar da komaɗar tattalin arziki na SAP, lokacin da sallamar ma'aikata ta yi ƙamari. Fitaccen shirinta shi ne na koyon sana'a a hannun gwani: ana haɗa mai koyo da wani kafinta ko makaniki ko tela da ya riga ya kafu, hukumar ta biya ladan koyarwa. Tana kuma da tsarin bayar da rancen kayan aiki ga waɗansu daga cikin waɗanda suka kammala. Hukumar tana da ofis a kowace jiha.

Ƙofa ta biyu ita ce Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi, wato FIIRO, wadda aka kafa a 1956. Ta yi suna wajen sarrafa rogo zuwa gari da fulawar burodi, da kuma inganta kamu da waken soya, tana kuma shirya gajerun kwasa-kwasai ga masu son kafa ƙananan masana'antu. Wannan ya dace da fataken Arewa ƙwarai, domin wanda yake sauke tumatir ko albasa a kasuwar Mile 12 ya san irin asarar da ruɓewa take jawowa. Idan ya koyi busarwa da niƙa da ɗura kaya a leda bisa ƙa'idar tsabta, abin da zai zubar a bola zai zama haja.

Inda gizo ke saƙar

Horo kaɗai ba ya ciyar da iyali. Wanda ya koyi walda ba shi da injin walda, ko ɗinki ba shi da keke, zai koma inda ya fito. Saboda haka wajibi ne a yi lissafin jari tare da lissafin karatu. A shekarar 2016 gwamnatin Legas ta kafa Asusun Samar da Aikin Yi na jihar, wato LSETF, domin bai wa ƙananan 'yan kasuwa rance. Abin da ake dubawa shi ne zama a jihar, wanda katin hukumar rajistar mazauna, wato LASRRA, yake tabbatarwa, ba garin da aka haifi mutum ba.

A nan ne 'yan kasuwar zango da yawa suke faɗuwa. Mutum zai shekara ashirin a Agege ba shi da katin zama, bai yi wa kasuwancinsa rajista ba, ba shi da asusun banki da sunan harkar. Bugu da ƙari, fom da darussa da Turanci suke zuwa, yawancin rajistar kuma ta intanet ake yin ta. Wannan giɓi ne 'yan damfara suke shiga, suna sayar da fom na bogi da sunan hukuma.

Matakan da suka kamata

Na ɗaya, mai kamfani ya tsara horon ma'aikatansa a farkon shekara, ya gabatar wa ofishin ITF mafi kusa, ya kuma nemi haƙƙinsa a kan lokaci.

Na biyu, mai sana'ar kansa ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa da katin zama da asusun banki tun kafin buƙata ta taso.

Na uku, wanda ya riga ya iya aiki ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda take da mataki na uku da na biyu da na ɗaya, domin kamfanoni takarda suke tambaya.

Na huɗu, a zaɓi sana'ar da take kusa da wadda aka sani. Ɗan acaɓa ya fi kusa da gyaran babur da Keke Napep, mahauci kuma ya fi kusa da sarrafa nama da adana shi.

Na biyar, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadar Sarkin Hausawa su tattara sunayen mabuƙata, su je ofishin hukuma da kansu a ƙungiyance, tare da wanda zai yi tafinta. Kada a biya kowa ko sisi a wajen ofis, kuma duk abin da aka biya a karɓi rasit.