Ƙofar Ƙasar Wani: Nasiha Ga Masu Shirin Tafiya

'Ya'yana, ba zan ce muku kada ku yi tafiya ba. Ko na faɗa ba za ku ji ba, kuma da gaskiyarku, domin kakanninmu ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Fatake sun kora jakuna daga Kano da Katsina har Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi, su komo da goro. Wasu sun kama hanyar gabas a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka tsaya noman auduga a Sudan don tara guzuri, ga jikokinsu can har yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi tare da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Zangon Kumasi da unguwar Nima ta Akkara duk tafiya ce ta haife su.

Amma a wancan zamani abin da matafiyi yake bukata shi ne mai masauki da kyakkyawan suna. Yanzu takarda ake tambaya. Ita kuwa takardar nan mai ƙasa ne yake rubuta sharuɗɗanta, bisa bukatarsa shi, ba bisa taka bukatar ba. Idan yana neman hannayen aiki sai ya buɗe ƙofa, ya kau da kai daga dokar da shi ya kafa. Ranar da abinci ya yi wuya, ko zaɓe ya ƙarato, sai ya tuna da dokar. Wannan nake so ku gane tun kafin ku sayar da babur ko gonar gado.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba sai ita. Mutum ya shekara talatin yana sayar da goro ko nama a kasuwa ba wanda ya taɓa ce masa ina takardarka, rana ɗaya ya karyar da rumfarsa da gidansa a kuɗin banza ya hau mota. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka sai reshe ya juya da mujiya. Kuɗin man fetur ya ja 'yan Ghana zuwa Najeriya, malaman makaranta da teloli da magina. Da farashin mai ya faɗi, a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ce marasa takarda su fita. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, kuma 'yan Nijar da Chadi da yawa na ciki. Jakar nan mai zane-zane da kuke zuba kaya a ciki, daga wannan korar ta samo sunanta. An yi mana, mu ma mun yi wa wasu, don haka ku daina ɗaukar abin a matsayin ƙiyayyar wata ƙabila. Halin gwamnatoci ne idan tura ta kai bango.

Ku lura, lokacin korar 1983 akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba. Sai dai kwana 90 ta bayar. Shiga daban, zama daban, kuma da yawa daga cikinmu har yau ba su bambance su. Yanzu ma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, wanda zai ƙetara ya tambayi jami'an shige da fice abin da ake ciki a ranar da zai tafi, kada ya dogara da labarin wanda ya wuce bara.

Agadas ce wurin da za ku fi ganin yadda dokar da aka yi don wata ƙasa mai nisa take sauka a kan talaka. Shekara da shekaru jigilar matafiya zuwa Libiya sana'a ce a fili a garin. Ran Litinin ayarin motoci yake tashi tare da rakiyar soja zuwa Dirku. Hilux ɗaya takan ɗauki mutum ashirin da wani abu, suna zaune a gefen bodi ƙafafu na lilo a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo idan barci ya ɗauke shi, fuska a naɗe da rawani, jarkokin ruwa an ɗinke su cikin buhu don kada rana ta dafa ruwan. Masu sayar da jarka da tabarau da gurasa, masu gidajen haya, masu canjin kuɗi, kowa yana ci. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar teku ta buɗe, masu isa Italiya suka yi yawa, hankalin Turai ya tashi. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamban shekarar kuma shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta ta ƙasar Malta, aka kafa asusun kuɗi don tare tafiyar tun daga tushe. Daga 2016 aka shiga kama direbobi ana ɗaure su, ana ƙwace motoci.

Ayarin Litinin ya ragu, gaskiya ne. Amma masu son tafiya ba su ƙare ba. Direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi da shingen soja suka shiga tsakiyar hamadar Tenere da dare, kuɗin mota ya hau, kuma direban da ya hango ƙurar 'yan sintiri yakan sauke fasinja ya ce yanzu zai dawo. Wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Abdurahman Tiani ta soke dokar. Cikin shekara takwas aiki ɗaya ya tashi daga halal zuwa laifi ya koma halal a idon hukuma, kuma duk sauyin da aka yi, wanda ke rungume da sanda a bayan mota shi ya biya kuɗinsa.

Abin da ke gaba ya fi hamadar muni. A Sabha ta Libiya akwai gidan bashi, inda ake tsare wanda ya tafi a kan zai biya daga baya, ana dukansa ana buga wa iyayensa waya su ji kukansa su aiko da kuɗin fansa. A Nuwamban 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da CNN ta nuna na gwanjon mutane a Libiya. Wanda ya kai bakin teku kuma, tun yarjejeniyar Italiya da Libiya ta Fabrairun 2017 masu gadin tekun Libiya suna tare kwale-kwalen roba su mayar da mutane gidajen tsaro. Ta ɓangaren Aljeriya, motoci ke kwaso baƙi su zube su a kan iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai garin Assamaka na Nijar. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, akasari daga yankin Kance na jihar Damagaram. Namu ne, masu magana da harshenmu. Allah ya jiƙansu.

Wanda Allah ya ƙetarar da shi Turai, sai a ɗauki hoton yatsunsa a ƙasar da ya fara sauka, a ce ya nemi mafaka. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 tana kare wanda ake tsananta wa saboda addininsa ko ƙabilarsa ko ra'ayinsa na siyasa. Talauci ba ya cikin lissafin, komai tsananinsa. Sai yaro ya shekara biyu ko uku yana jiran hukunci, a ƙarshe a ce ba a karɓa ba, ya koma tsinkar tumatir a ɓoye a kudancin Italiya, hoton da yake turowa gida kuwa a gaban motar wani ya ɗauka.

Ko ƙofar gaba ma, wato shiga da biza, tana motsi. Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022 saboda ta rasa ma'aikata, a Maris na 2024 ta hana su zuwa da iyali, bayan ta hana yawancin ɗalibai haka nan a Janairun shekarar. Amma wanda ya shiga ta nan, idan doka ta sauya yana da takardar da zai nuna da kotun da zai je.

'Yan matana, ku kuma Saudiyya ce ta fi jan ku. Hajiyar da ta ce za ta biya miki kuɗin jirgi da biza ki biya a hankali, tambaye ta wace irin biza ce. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Ranar da ta ƙare kin zama takari, ba igama, wato takardar izinin zama, kina jin jiniya gabanki na faɗuwa, ba ki da bakin kai ƙarar uwar ɗakin da ta hana ki albashi, ƙarshenta tarhil, wato a tsare ki a koro ki, da jirgin dawowa da kayan jikinki. Wadda ta haihu a wannan hali ta bar wa ɗanta wahalar da ta fi tata, yaro ba takardar can ba ta nan. Idan aikin gaskiya ne, akwai kwantiragi a rubuce da sunan wanda zai ɗauke ki da adadin albashi. A karanta miki shi a gaban mahaifinki ko yayanki. Wanda ya ce sirri ne kada ki gaya wa kowa, hukumar NAPTIP saboda irinsa aka kafa ta a 2003.

Ban manta da alherin tafiya ba. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suke aikowa gida yakan kai wajen dala biliyan 20 a shekara, kuma a ƙauyukanmu kowa ya san gidan da aka yi wa rufin kwano da kuɗin ci-rani. Shi ya sa gwamnatocinmu suke karɓar tallafin hana tafiya da hannu ɗaya, suna ƙirga kuɗin matafiya da ɗayan. Ku dai ku tafi da sana'a a hannu, walda ko gini ko jinya ko gyaran waya, domin ita ce abin da mai ƙasa yake buɗe wa ƙofa. Fasfonka ya zauna a hannunka, ka bar kwafinsa a gida, ka rubuta ranar ƙarewar bizarka inda za ka riƙa ganinta. Da ka sauka, nemi sarkin zango ko shugaban 'yan ƙasarku, ka san inda ofishin jakadancinku yake.

Akwai kuma magana ga ku da kuka zauna a gida. Da yawa daga yaran da ke maƙale a Libiya da Aljeriya sun san hukumar IOM tana mayar da mai so gida kyauta. Kunya ce ta riƙe su. An sayar da shanu an tura shi, yaya zai shigo gari da leda a hannu, 'yan majalisa suna ƙus-ƙus? Idan ɗan'uwanku ya bugo waya daga can yana kame-kame, ku riga shi faɗa, ku ce masa ya dawo, Inna tana nemansa. In ya iso ku tarye shi a tasha, ku kai shi asibiti a duba shi, kuma maganar kuɗin shanu a bar ta sai ya huta.