Yadda Ake Auna Maganin Farfaɗiya a Ɗakin Gwaji

Karbamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, yana cikin magungunan farfaɗiya da aka daɗe ana dogaro da su. Magani ne mai ƙa'ida: abin da ake so a jinin mai shansa miligiram 4 zuwa 12 ne a kowace lita. In ya gaza, farfaɗiya ta dawo. In ya zarce, sai jiri da gani bibbiyu. Shi ya sa ba a wasa da awonsa.

Don a san yawan maganin da ke cikin ƙwaya, da farko ma'aikaci zai ɗauki ƙwaya 20 ya auna nauyinsu, ya daka su lilis. Sai ya ɗebi garin daidai gwargwado ya narkar cikin metanol, ya tace da matata mai ƙananan ƙofofi. A gefe guda kuma ya narkar da tsantsar maganin wanda aka san ƙarfinsa, domin da shi za a gwada.

Daga nan sai na'urar HPLC. Tana tura ruwan da ƙarfi ta cikin wani siririn bututun ƙarfe da aka cusa wa garin silika. Kowane sinadari da irin jinkirinsa a ciki, don haka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. A bakin fita akwai fitila mai hasken da ido ba ya gani, ita ke kama su. A fuskar kwamfuta layi zai taho a kwance, can ya yi tsiri ya sauko. Girman filin da ke ƙarƙashin wannan tsirin ake kwatantawa da na tsantsar maganin, a fitar da lissafi.

Ba a yarda da hanyar awo sai an gana wa maganin azaba da gangan: a zuba masa asid, a zuba masa soda mai ƙuna, a gasa shi, a bar shi cikin haske. In na'urar ta iya raba maganin da ɓaraguzan da suka fito daga jikinsa, to ta ci jarrabawa.

Saura gwajin daɗewa, wanda shi ne mai cin haƙuri. Ana jera ƙwayoyin cikin fakitinsu a akwati mai zafin digiri 40 da laima kashi 75, har wata 6. Wasu kuma a ajiye su a digiri 30 na shekaru, ana ɗiba duk wata 3 a shekarar farko. Daga sakamakon ne ake sa ranar lalacewar magani.

A ganina, gwajin narkewa ya fi komai muhimmanci ga wannan magani. Ana jefa ƙwaya cikin ruwa mililita 900 mai ɗumin jiki, digiri 37, ana juyawa ana ɗiba. Dalili kuwa, karbamazefin yana shan laima ya taurare kamar simintin da ruwa ya taɓa. Awo zai nuna maganin cif a cikin ƙwayar, amma ciki ba zai narkar da shi yadda ya kamata ba. A 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙwayar da ta sha laima kan rasa kusan sulusin ƙarfinta.

Don Allah, mai kula da mai farfaɗiya, musamman da damina: kada a ɓare ƙwaya daga fakitinta sai lokacin sha, kada a ajiye ta kusa da randa, kada kuma a sayi wadda aka ƙulla a leda.